Tsagar Mma Lamisi

Shekara shida ke nan da rasuwar Mma Lamisi. Cocinmu ya ce biyar, har ya buga atamfa da wannan lissafin, da hotonta a tsakiyar furanni. Ba kuskure suka yi ba. Ni ina ƙirgawa ne daga ranar da na rufe mata ido a ɗakinta, su kuma daga ranar da suka kafa kanofi suka ci shinkafa. Tsakanin ranakun nan biyu akwai kusan shekara guda, kuma a kan wannan shekarar nake so in yi magana, tunda na san a bikin tunawar da ake shiryawa ba mai taɓo ta.

Ga wanda bai san ta ba, Mma Lamisi 'yar Kusasi ce daga can arewa. Ta zo Kumasi tana amarya, mijinta mai gadi ne, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungunmu a Zango, unguwar 'yan arewa. Gida ɗaya muke haya, ƙofarta na kallon tawa, ni ina kan keken ɗinki ita tana tace gasara. Ba jinina ba ce, ku riƙe wannan, don daga baya an tuna mini da shi. Tana da tsagar gado mai zurfi a kowane kunci, daga gindin hanci zuwa muƙamuƙi, irin wadda ko a cikin kasuwar Kejetia ka hango ta ka san daga ina ta fito. Ta sha zagi a kan tsagar nan a trotro, wato motar haya, da layin asibiti, kuma ban taɓa ganin ta ja mayafi ta rufe ta ba. Cewa take yi kakarta ce ta riƙe ta aka yi mata, ita ce kaɗai abin da ta taho da shi daga gida wanda bai tsufa ya yage ba.

Cocinmu na wajen Dichemso, gini ɗaya muke amfani da shi da Tonawa, wato Asante. Su suke sujada da safe da Tonanci, mu kuma masu Hausa sai rana ta take, kwanon rufi ya gasu, sannan mu shiga. Mu tarkacen arewa ne: Kusasi, Frafra, Busanga, Dagati, da 'yan Nijar da Najeriya kaɗan, Hausa ce ta haɗa mu. Masu gadi ne, da 'yan dako, da masu sayar da wankau, wato shinkafa da wake, da irina. Mma Lamisi tana cikin waɗanda suka fara wannan sujadar tun ana yin ta a ajin makaranta. Kuma ita ce mai wankan gawar matanmu. A wurin maƙwabciyarmu Hajiya Sakina ta koyi aikin, wadda ita ke yi wa matan Musulmi. Ɗaya na zuwa masallaci ɗaya na zuwa coci, amma idan an yi mutuwa bokiti ɗaya suke ara wa juna.

Wannan aikin ne ya sa ta tsani firij. A nan garin, kamar yadda kowa ya sani, Tonawa kan ajiye gawa a ɗakin sanyi wata da watanni kafin dangi su taru a yi babban biki. Ban ga laifinsu ba, al'adarsu ce, suna da danginsu a ko'ina, sun kuma san yadda suke yin abinsu. Mu ne muka ɗauko abin da rana tsaka. Mma Lamisi ita ake kira idan an fito da wata tamu daga firij, ita ta san yadda jiki ke komawa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta miƙe a taron zumuntar mata, har a gaban dattawan ikkilisiya, ta ce ita dai idan ta mutu a mai da ita ƙasa da ɗuminta. Kowa ya ji. Ana ma yi mata dariya, ana cewa zama da Hajiya ya sa ta zama rabin Musulma.

Sai korona ta zo, aka rufe majami'u da masallatai. Ban ce tsoron ciwo laifi ba ne, ni ma na ji tsoro, na kwana biyu ina wanke hannu har fata ta yi fari. Amma akwai tsoro, akwai kuma ɓatan dabo. Shugaban dattawanmu, Elda Awuni, ɗan kwangila ne mai gida a Kwadaso, da katanga da kare. Shi ma ɗan arewa ne, yana da 'yar tsagarsa a ƙarƙashin ido wadda yake sa tabarau ya zauna daidai a kanta. 'Ya'yansa ba su jin Hausa, ba su jin Kusasi, kuma shi yake faɗin haka da bakinsa, yana murmushi. Tun da aka rufe coci mutumin nan ya shige gida ya ja ƙofa. Duk Lahadi sai ya turo saƙon murya mai tsawo a waya, rabi Turanci rabi Tonanci, da 'yar Hausa a ƙarshe kamar yaji. Ya kira wannan sujada ta zamani. Rabin ikkilisiya ƙananan wayoyi ne da su masu tocila, saƙon ba ya ma shiga. Sauran dattawa suka bi sahunsa, kowa yana turo amin daga kan kujerarsa.

Mma Lamisi ba ta da irin wayar. Ranar Lahadi sai ta ɗaura zanen zumunta, ta sa takunkumin da na ɗinka mata da ƙyallen atamfa, ta ɗora bokitin koko a ka. Daga Zango har Tafo take takawa. Ba ta shiga ɗakin kowa. A bakin ƙofa take tsayawa, ta rera baiti ɗaya, ta yi addu'a a tsaye, ta ajiye koko a leda a kan dakali, ta wuce. Muryarta ba daɗi, ni da na tsaya kusa da ita a waƙa shekara da shekaru ina da ikon faɗa. Amma tsofaffinmu da suke kwance a ɗakunan da ba taga sun gaya mini da wannan muryar suke gane Lahadi ta yi. Na bi ta wasu lokutan, na ga 'yan mata masu dako da kasuwa ta tsaya musu suna leƙowa daga shagon katako, ko da yake ba 'yan coci ba ne, su ma ta ba su. Da labari ya kai Kwadaso, sai ga saƙon murya ana jan kunnen masu yawo gida-gida da sunan Ubangiji. Bai ambaci suna ba. Bai kuma turo ko gwangwanin gero ba.

A cikin kwanakin nan wani tsohon mai gadi ɗan cocinmu ya rasu a Tafo. Ba shi da kowa. Aka buga wa dattawa waya, suka ce suna tare da mu a ruhu. Samarin Musulmi na layinsu ne suka haƙa kabarin, ƙaramin fastonmu ya lallaɓo ya yi addu'a, mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba. Tsohon ya cika da safe, kafin la'asar yana ƙasa. Mma Lamisi ta dawo da jar ƙasa a ƙafa, ta zauna a bakin ƙofata tana fifita da takunkumi, ta ce tun da take ba ta ga jana'izar da ta yi mata kyau kamar wannan ba. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk ɗaya take kiransu. Ta dube ni ta ce, “Talata, ka ji ni da kyau. In nawa ya zo, haka nake so. Kada ka bari su sa ni firij kamar kifi.” Na ce mata ta bar wannan zancen. Ta ce ba za ta bari ba sai na amsa. Na amsa.

Ba a daɗe ba ta faɗi a gaban murhu da safe, tana cikin juya koko. Hawan jini ne, ta jima da shi. Muka kwantar da ita a ɗaki, kafin a samo mota ta cika a hannuna. Saboda yanayin da ake ciki dole aka kai gawar asibiti a gwada, aka ce ba korona ba ce. Na yi ta tunanin wannan daga baya. Da korona ce ta kashe ta, da hukuma ta karɓe ta ta binne cikin 'yan kwanaki, da ta huta. Rashin sa'arta shi ne ta mutu da ciwon da ya bar ta a hannun masu ƙaunarta.

Hajiya Sakina ta riga ta ɗora ruwa, ta aika an yanko farin yadi. Muna jiran a ce mu je mu ɗauko, sai ga motar Elda Awuni a bakin lungu. Ranar ya fara taka Zango tun da aka rufe coci. Takunkumi biyu ya sa, ɗaya kan ɗaya, ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa, fasto na bayansa. Ya yi ta'aziyya da murya mai rawa, sannan ya ce dattawa sun zauna. Mma Lamisi uwar ikkilisiya ce, ba za a binne ta kamar kaza da mutum ƙalilan ba. Tonawa sun daɗe suna cewa mutanen Zango ba su san darajar matattunsu ba, suna jefa su rami kamar masu gudun wari. Wannan karon za a nuna musu. Za a ajiye ta har doka ta sassauta, a yi mata abin da ba a taɓa yi wa ɗan arewa ba a cocin nan.

Na ce masa ai ya ji abin da ta faɗa da bakinta, yana zaune a wurin. Ya ce tsofaffi sukan faɗi abubuwa. Na ce ta sa na yi mata alkawari. Sai ya gyara tabarau ya ce, “Sista Talata, yi haƙuri fa. Ke wace ce a wurinta?” Ashe kafin ya zo ya riga ya buga waya arewa, ya samo wani ɗan ƙanenta wanda rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta, ya yi masa alkawarin mota da masauki da kujerar gaba. Yaron ya ce duk abin da coci ya yanke ya yi. Shi ne jini, ni maƙwabciya ce. Na dubi fasto, wanda ya ci ƙosanta bashi tun yana ɗalibi, na ga ya gano wani abin sha'awa a kan takalminsa. Hajiya Sakina ta je ta sauke ruwan.

Daga nan aka shiga jira. Aka buɗe majami'u, muka koma muna zama nesa-nesa, da bokiti mai famfo a bakin ƙofa. Dattawa suka fito daga ɓoyo sun yi ƙiba, suna ba da shaidar yadda Ubangiji ya tsare su. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi 'ya'ya: na atamfa, na kanofi, na abinci, na makaɗa. Mutanen da ba su taɓa sanin ƙofar ɗakinta ba suka yi ta musu a kan launin furen da ya dace da ita. Doka ta sassauta aka yarda mutane su ɗan taru, Elda ya ce adadin bai kai ba. Da ya kai, aka ce babban faston Tonawa ya yi tafiya, kuma ba shi ba biki, tunda don shi ake yi. Da ya dawo aka sa rana, sai ciwon ya sake tashi, aka sake hana taro. Duk Lahadi ana sanarwa daga bagade cewa shirye-shiryen mamarmu suna tafiya daidai, a ci gaba da addu'a.

Na je ganinta a ɗakin sanyi. Ba zan rubuta abin da na gani ba, akwai masu karanta jarida suna cin abinci. Abin da zan ce kawai, ba mu kaɗai muke jiran doka ba, duk garin jira yake, kuma ɗakin ba a gina shi don mutane masu yawa haka ba. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ɗauke wuta a Zango sai keken ɗinkina ya tsaya, hankalina ya tafi wurinta. Matar da ko a watan zafi sai ta sa rigar sanyi da asuba. Na je gidan Elda har Kwadaso, na tsaya a bakin get, kare na haushi, ya turo mini ruwan sanyi da saƙon cewa yana taro. Na roƙi fasto, ya ce in yi haƙuri, jiki ai turɓaya ne, ranta yana wurin Ubangiji. Na ce to tunda turɓaya ne a mai da shi inda turɓaya take. Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti.

Hajiya Sakina kuwa duk sa'ad da muka haɗu a bakin famfo kalma biyu take yi mini: “Har yanzu?” Sai in ce har yanzu. Ba ta taɓa ƙarawa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Farin yadin nan ta ajiye shi a akwati har wata tsohuwa ta rasu a layinmu, ta zo ta nemi izinina kafin ta yi amfani da shi. Elda yana ta lissafin abin da Tonawa za su ce. Ba wanda ya lissafa abin da Zango ke cewa, inda matar ta zauna, inda masu sayen kokonta suke wucewa ta gaban ɗakinta a kulle suna tambaya wai mu Kirista ba mu da ƙasar binne mutum ne. Ni nake amsa wannan tambayar, shi yana Kwadaso.

Sai da shekara ta kusa zagayowa sannan aka yi. In faɗi gaskiya, biki ya yi biki. Fili ya cika da kanofi ja da baƙi, ga makaɗan badujala, ga samari masu rawa da akwatin gawa an ɗauko haya, ga ɗan ƙanenta a kujerar gaba yana ɗaukar kansa hoto. Aka shimfiɗe ta a kan gado mai ruwan zinariya a cikin labule, aka jera mu mu wuce mu gan ta. Wata mai kwalliyar gawa aka ɗauko, wadda aka ce manyan gari take yi wa. Tun daga nesa na hango farar riga irin ta amare, da safar hannu, da gashin kanti har kafaɗa. Kanta a buɗe. Shekarun da muka yi gida ɗaya ban taɓa ganin matar nan ta fito tsakar gida ba ɗankwali ba. Mutanen gabana suna wucewa suna cewa ta yi kyau, kamar ba ita ba. Elda na tsaye gefe da dattawan Tonawa, na ji ɗaya daga cikinsu yana ce masa da Tonanci ai shi bai san ma 'yar arewa ba ce. Elda ya washe baki har kunne.

Da layi ya zo kaina na duba. Fuskar da ke kwance ta yi haske, ta yi sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ban san wannan matar ba. Kuma bayan abin da na gani a ɗakin sanyi, ba abin mamaki ba ne a ce wata aka ba mu. Na tsaya, layi ya tsaya a bayana. Ruwan leda ne a hannuna, na jiƙa bakin zanena na goga a kuncinta na dama. Hoda ta fita, ƙarƙashinta akwai wani abu kamar kakin zuma da aka cike wurin da shi. Na sa farce na kankare. Sai ga ta, daga gindin hanci zuwa muƙamuƙi. Mai kwalliya ta ja tsaki ta yo kaina, Elda ya riga ta isowa, ya rage murya ya ce, “Sista Talata, me kike yi haka? Baƙi na kallo.” Na ce, “Ina duba ko ita ce.”

Ita ce. Na cire ɗankwalina na ɗaura mata a kan gashin kantin nan, na tsaya kai a buɗe a gaban maza, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Na miƙa hannu zan goge kuncin hagu, sai matan kwamiti suka riƙe ni, wai baƙin ciki ne ya taɓa ni. Suka ja ni waje. Hajiya Sakina ta zo ashe, tana tsaye can bakin fili inda kanofi ya ƙare, ita ta yafa mini mayafinta. Ba wanda ya tafa mini, ba wanda ya tashi ya goyi bayana, badujala ma ba ta tsaya ba. An dai rufe akwatin da wuri, kafin sauran baƙi su gani. Haka aka binne Mma Lamisi, da tsaga a kunci ɗaya. Washegari a coci aka yi godiya ga Ubangiji don komai ya tafi lafiya, aka kuma roƙi ikkilisiya ta sa 'yar'uwa Talata a addu'a.

Yanzu korona ta zama labari. Bokitan famfon nan suna bayan coci ana jiƙa tsumma a ciki. Elda Awuni ya ƙara girma, shi ke ba da labarin kwanakin kulle idan an yi baƙi, yadda ikkilisiya ta tsaya da ƙafarta, yadda muka bi 'yan'uwa gida-gida da abinci da addu'a. Muka, in ji shi. Na ji wannan da kunnena, kuma bai sarƙe da yawu ba. An sa wa ɗakin taron mata sunanta, da allo mai walƙiya, an ma rubuta sunan da wani na Turanci a gaba wanda ba ta taɓa amsawa ba. Sujadarmu har yau da tsakar rana ake yi, Tonawa ba su matsa mana ko da rabin sa'a ba. Nakan tambayi kaina ko sun ma tuna da bikin da aka yi don a burge su. Su da suke ganin irinsa duk Asabar.

Me za ta ce da ta leƙo yau? Ba na jin za ta tsaya a kan allon, tunda ba karatu ta iya ba, sai an gaya mata sunanta ne. Ina jin za ta tambaya wa ke zuwa Tafo ranar Lahadi. Za ta tambayi labarin wata tsohuwarmu makauniya da ke bayan garejin makanikai, ko akwai mai tsayawa a ƙofarta. Sai mu ce mata yanzu ai an ci gaba, ana haska sujada kai tsaye a waya. Na san irin kallon da za ta yi mana, ta karkata kai, tsagar nan ta ƙara zurfi. Ba ta da dogon wa'azi. Za ta ce a ba ta bokiti.

Ban rubuta wannan don in bar coci ba. Ina nan, a bencina, ina rera waƙa, don ba Elda ya kira ni ba, ba kuma shi zai kore ni ba. Kuma akwai abin da ya saura nata wanda kwamiti bai shirya ba. Tun daga bikin nan, tsofaffinmu mata da maza suka fara kiran 'ya'yansu suna gaya musu tun da ransu, a gaban shaidu, cewa kada a yi musu irin na Mma Lamisi. Haka ake faɗinsa yanzu, ya zama magana. Waɗanda suka rasu a cikinmu daga baya, yawancinsu ba su kwana da yawa a waje ba, dangi suka tsaya kai da fata, dattawa suka yi ta gunaguni suka haƙura. Abin da ta roƙa wa kanta ba ta samu ba, wasu suka samu ta dalilinta. Yana yi mini ciwo cewa sunan matar da ta bi ƙofofi da koko ya zama abin da ake tsoratar da 'ya'ya da shi, amma na san ita ba za ta damu ba, tunda aikin ya yi.

Atamfar bikin tunawar kuwa, da yake ni ce telar zumuntar mata, wurina aka kawo ta a ɗinka. Na warware bandir ɗin a kan tebur, ga fuskarta a jere, sama da ƙasa. Wani yaron kwamiti mai iya waya ya gyara hoton, ya haska ta, ya share kuncin tas. Na daɗe ina kallo. Sannan na ɗinka tawa rigar, na ɗauko baƙin zare da allura, na bi fuskar da ta faɗo a kan ƙirji na mayar mata da abinta. Na rataye rigar a bakin shago. Wata tsohuwa ta zo karɓar ɗinkinta, ta tsaya ta duba, ta mayar mini da nata ta ce a yi mata irin wannan. Wata ta biyo baya. Matar wani dattijo ma ta aiko da nata a leda, ta ce kada in faɗa. Ban san me Elda zai yi ba ranar da ya hau bagade ya dubi bencin mata, ban kuma damu in sani ba. Ina nan ina ɗinki, idona ya fara gajiya da baƙin zare, amma ba na tsallake ko ɗaya. Kunci biyu nake yi wa kowace fuska, na dama da na goge, da na hagu da aka riƙe mini hannu.